Yadda Isyaku Ya Yi wa Ƙuduji Lodi

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kano daga Gaya a shekarun baya ya san muryar Isyaku, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne, aikinsa ya tsaya a bakin mota ya yi ta kiran fasinja har ta cika. Da ƙuruciya ya fara, a kai ya yi furfura. Sunan mahaifinsa ma ya ɓace, kowa Isyaku Saura-Ɗaya yake ce masa, domin ko babu kowa a motar sai direba yana gyangyaɗi, abin da za ka ji ke nan: Kano, Kano, saura mutum ɗaya.

Taubashina ne, ɗan goggona, don haka abin da wasu za su rufa masa ni ina da izinin buɗewa. Yana da wasu zauna-gari-banza da yake ajiyewa a gindin darbejiya. Da mota ta shigo layi sai ya zuba su a ciki, wannan ya rungume jaka, wancan ya riƙa duba agogo yana tsaki. Kai kuma ka zo ka ga mota ta kusa tashi, ka shige ka zauna. Can sai na kusa da kai ya tuna bai yi fitsari ba, ya fita, shi ke nan. Haka za su zare jiki ɗaya bayan ɗaya ana cike gurbinsu da irinka. Ni ma bai bar ni ba. Ranar da zan je ɗaurin aure Kano, na isa ana naɗe tabarmi.

Ba tuba ce ta raba shi da tasha ba, maƙogwaro ne. Murya ta dushe, in ya ce Kano sai ka ji kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya tara abokan aiki ya sanar da su zai koma Toranke ya noma gonar da ubansa ya bari, in sun ƙara ganinsa a nan to fasinja ne. Sagiru, wanda shi ya koya wa aikin kuma yanzu shi ne babba a layin, ya ce Allah ya ba da sa'a oga, amma in abin bai yiwu ba a dawo, suna neman dattijon da zai riƙa zama yana tsaron kayan fasinja. Wannan tayin ya fi ciwon maƙogwaron yi masa zafi.

Matarsa Baiwa 'yar cikin gari ce, a bayan kasuwa aka haife ta. Ta bi shi dai, amma tana tafe tana waiwaye.

Gonar kuwa akwai mai ita. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya riga shi tarewa. Tun a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa yana tsotsa, kafin ka ga kansa a waje ya gama cin rabonka. Daminar farko dawar Isyaku ta tsaya masa iya ƙugu. Ta biyu gonar ta rufe da fure ruwan hoda tun daga wannan iyaka har waccan, gwanin kyau, har wasu 'yan mata masu tafiya biki suka tsayar da mai Adaidaita suka shiga ɗaukar hoto. Ɗaya ta tambaye shi ko yana sayar da irin.

A nan Baiwa ta yanke magana. Ta ce ba ta baro garinsu don ta zo ƙauye tana aika a auno mata dawa a kasuwa ba. Damina ɗaya ta rage masa. In tuwon gidan nan bai fito daga gonar nan ba, ita za ta koma Gaya, shi kuma ya je ya tsare wa Sagiru kaya.

Ana gab da faɗuwar ruwa sai aka yi shela a taru a ƙofar gidan dagaci, masu bincike sun zo daga wata jami'a. Shugabarsu wata Dakta Hindatu ce, siririya, mai magana a nutse kamar ba ta taɓa jiran mota ba. Ta ce 'ya'yan ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru suna barci. Ba ruwan sama kaɗai ke tashinsu ba. Saiwar dawa da ta gero suna fitar da wani sinadari, kamar ƙamshi, shi ne ke gaya wa ɗan ƙuduji abinci ya iso. In ya ji sai ya tsiro, in kuwa ya tsiro bai sami saiwar da zai kama ba, cikin 'yan kwanaki yunwa za ta kashe shi. To masana a ƙasashe daban-daban sun haɗa makamancin ƙamshin nan a ɗakin gwaji. A fesa shi a gonar da ba a shuka komai ba, ƙuduji ya farka, ya tarar babu kowa. Ta ce har yanzu gwaji ne, suna neman gonar da za su gwada.

Wani tsoho ya ce su da suke roƙon Allah ya kwantar da abin, ita kuma ta zo da maganin tashinsa. Aka fara gyara hula ana neman takalmi. Sai ga hannun Isyaku a sama.

"Dakta, tsaya in gane," in ji shi da muryarsa ta jan buhu. "Ki kira shi ya fito da kayansa, alhali babu motar da za ta tashi?"

Ta ce, "Kusan haka ne, Baba."

"To ai lodi ke nan. Ni ma na taɓa ɗan yi."

Jama'a suka tuntsire, domin babu wanda bai taɓa zama a motarsa ba. Dakta ta tambayi na kusa da ita, aka raɗa mata tarihi. Ta juyo ta ce, "Bambancin kawai, Baba, namu fasinjan ba ya komawa gida yana tsine mana."

A wurin ya ba da gonar. Babu wanda ya yi takara da shi.

Sharuɗɗan ne suka fara ba shi ciwon kai. Za a raba gonar biyu da igiya, a fesa wa rabi, a bar rabi a matsayin shaida. Ya roƙa a fesa duka. Ta ce in babu ɓangaren da aka bari, ba wanda zai san ko maganin ne ya yi aiki ko sa'a ce. Ya ce shi ko sa'ar ce yana so. Ba ta saurare shi ba. Na biyun ya fi wuya: in ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, ba zai shuka ko ƙwaya ba a duka ɓangarorin, sai an yi feshi an jira waɗanda aka kira sun mutu.

Kafin ranar feshi har wurin liman ya je. Ya ce tunda ya bar tasha yake ƙoƙarin gyara bakinsa, shin yaudarar ciyawa za a rubuta masa? Liman ya ce shi dai bai taɓa jin an hana masunci sa tana a ƙugiya ba, ya tashi ya ba mutane wuri.

Ruwa ya sauka. Toranke kaf ta fita da sungumi, mata da yara suna bi suna jefa iri. Isyaku yana gida. Da lokacin feshi ya yi, aka gan shi goye da injin feshi yana yi wa tsurar ƙasa wanka. Masu wucewa suna yi masa sannu da ban-ruwa. Kafin nan kuma Dakta ta binne wasu 'yan ƙullin ƙyalle a ɓangarorin biyu ta kafa musu tsinke, nan da nan labari ya zaga cewa 'yan boko ma ashe suna binne laya.

Sai jira. Dawar maƙwabta ta fito tana kaɗa kunne, tasa gonar fayau kamar filin ƙwallo. Kullum da safe ya je ya durƙusa yana neman ƙudujin da aka ce zai fito ya mutu. Bai ga mai rai ba, bai ga gawa ba. Baiwa kuwa ta aika wa yayarta a Gaya a fara share mata ɗaki.

Ya same ni a majalisa, ya ja ni gefe, ido ya faɗa.

"Taubashi, ina jin an zuba min fasinjan bogi."

Ya ce in duba da kyau. Farar mota mai rubutu a ƙofa, 'yan huluna masu baki, kwamfutar hannu: ai jakar ke nan da agogon. Shi da ya shekara talatin yana yi wa mutane, yau an zaunar da shi a gaban mota yana jira, damina tana wucewa. Na ce in haka ne ai ya gode wa Allah, tun a duniya aka fara rage masa. Bai yi dariya ba. A ranar na san abin ya kai masa wuya.

Ya buga wa Dakta waya, ta zo. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta tone layun nan, ashe 'ya'yan ƙuduji ne ta ƙulle a ciki don ta ga abin da zai same su. Ta baje su a ɗan faranti, ta maƙala wa wayarta wani gilashi mai ƙara girman abu, ta miƙa masa. Na ɓangaren shaida suna nan dunƙule, barcinsu suke sha. Na ɓangaren feshi kuwa da yawa sun fashe, kowanne ya zuro 'yar siririyar wutsiya yana laluben saiwa, wutsiyar ta yanƙwane a hanya.

Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya nuna ɗaya da ɗan yatsa ya ce wannan da ganinsa sauri yake yi, ko karin kumallo bai tsaya ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya aika aka kira Baiwa ta zo ta gani da idonta. Ta leƙa, ta mayar da wayar.

"Na ga matattu, Malam. Tuwo ne ban gani ba."

Aka yi shuka a makare. Allah ya taimaka ruwan bai ɗauke da wuri ba. Isyaku ya yi noman farko, ya yi maimai, yana yi yana harare-hararen igiyar nan. Zuwa tsakiyar damina ba sai an nuna maka inda take ba. Ɓangaren shaida ya yi kwalliyarsa ta ruwan hoda kamar kullum, dawa a tsugune. Ɗaya ɓangaren ma ƙudujin ya fito, amma tsilli-tsilli, dawa kuwa ta wuce kan mai ita. Gonar ta zama kamar wanzami ya yi mata askin rabi aka kira shi gida.

Mutane suka fara zuwa kallo a kan babura, daga Ajingi, daga Balan, har da tsohon nan da ya yi ƙorafi a ƙofar dagaci. Isyaku ya samu abin da ya rasa: taro. Ya tsaya a kan igiya yana jawabi, murya ba ta fita amma hannu yana cikewa. Kullum labarin ƙaruwa yake yi. Ranar da Dakta ta dawo duba gonar ta tarar yana rantsuwa cewa an gama da ƙuduji a duniya, jikokinsu sai dai su ji a tarihi. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce, "Baba, ka fara lodi." Ta gaya wa jama'a gaskiyar abin: an rage ne, ba a ƙarar ba. 'Ya'yan da ke ƙasa suna da yawa, feshi ɗaya ba ya tashinsu duka, kuma maganin bai shigo kasuwa ba, sai an ƙara gwadawa. Kafin nan a zuba taki, a riƙa sauya dawa da wake ko gyaɗa, a tuge ƙuduji a ƙone tun bai zubar da 'ya'ya ba. Isyaku yana gefe yana gyaɗa kai kamar daman abin da yake shirin faɗa ke nan.

Da aka yi girbi, dammunan da aka jibge a tsakar gida ba za su kai su wata kakar ba. Amfanin rabin gona ne da ɗan abin da shaida ta rage. Isyaku ya zagaya su, ya sake zagayawa, ya kasa tambayar Baiwa ko wannan ya cika sharaɗi. Ita kuma ba ta taimake shi ba. Ta sa aka sussuke dami guda, aka kai niƙa, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ina gidan, da ni aka ci. Shi dai loma yake kaiwa amma kunnensa yana ɗaki. Har aka kwashe kwanuka ba ta ce uffan ba.

Washegari ya rasa abin yi, ya ɗauki sanda ya fara zana da'ira a jikin katanga, inda zai gina rumbu in har akwai zama. Baiwa ta fito da tsintsiya, ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, ba nan ba. Matsa can wajen zaure. Nan zan kafa turken awakina."

"Waɗanne awaki?"

Ta ce waɗanda ta ba da saƙo a sayo mata ranar kasuwa, uwa da 'ya'yanta. Ba ya ji Dakta ta ce gona tana son taki ba? Ko a bakinsa zai samo? Ta ci gaba da shararta.

Isyaku ya tsaya riƙe da sanda. Ya goge da'irar da ƙafa, ya koma wajen zaure ya zana wata, ya ƙara mata faɗi.

Rumbun da kansa ya gina, bai nemi magini ba, wai ai ya sha gani ana yi. Ya ɗan karkace, in ka hango shi daga hanya kamar yana leƙen gidan maƙwabta. Na gaya masa. Ya ce in zo in tura shi in gani, da dawa a ciki.