Dawar Tsohon Gari a Jar Ƙasa

Dawar gidanmu ta girme ni. Lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu, Baba ya fito da irinta a ƙulle cikin zanen mahaifiyarsa, kuma tun daga nan ba ta taɓa tsallake damina ba. Fara ce tas, tuwonta ko ya kwana ba ya saki. Ko a gidan biki aka kawo masa tuwon wata dawa, loma kaɗan zai yi ya wanke hannu.

Matsala ta fara ne da muka koma gonar da ya samu kusa da garin Doguwa, a gindin duwatsu. Jar ƙasa ce, ruwan sama ya wanke ta ya bar ta da tsami. Dawar takan tsiro lafiya, sai ta tsaya cak, ta ƙi gaba. Gefe ɗaya kawai take yin kyau, inda Fulani ke kwana da shanu da rani. Kowace kaka dami sai raguwa yake. Yayana ya fara cewa a haƙura da ita, a nemo wani iri a kasuwa. Baba kuwa ya daina yi masa faɗa in ya ce haka, kuma wannan shirun ne ya tsorata ni.

A lokacin na dawo daga makarantar koyon aikin gona, kuma dama bakina ba ya rufuwa. Wata safiya na tumɓuke wata tsumburarriyar dawa na kai masa. Saiwarta gajera ce, kanta ya dakushe kamar yatsan da aka buge da guduma. Na ce masa a cikin ƙasa akwai alminiyam, wannan dai da ake ƙera tukwane da shi. In ƙasa ta yi tsami sai ya narke ya ƙone bakin saiwa, ta kasa nitsewa neman ruwa. Amma akwai dawar da saiwarta ke fitar da wani ruwa da ke ɗaure shi, kuma wannan hali gado ne, a cikin ƙwayar iri yake tafiya.

Baba ya juya saiwar a hannunsa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, yanzu tukunya ce ke cinye mini dawa?"

"Baba, ba tukunya ba ce, zaɓen irinka ne," na ce.

Yayana ya yi salati. A gidanmu maigida kaɗai ke zaɓen iri. Kafin masu yanka su shiga, Baba zai zaga gonar da wuƙarsa, ya yanko zangarniyoyin da suka fi girma, ya ƙulle su a wannan zanen, ya rataye a madafa inda hayaƙi zai kore ƙwari. Haka ya ga ubansa yana yi, kuma a tsohon gari daidai ne. Amma a nan, manyan zangarniyoyi duk daga makwancin shanu suke fitowa. Taki ne ya goya su, ba ƙarfinsu ba. Na ce masa a tsakiyar jar ƙasar, inda komai ya lalace, akwai 'yan tsiraru da suka miƙe suka fid da kai. Waɗannan su ne iri.

"Waɗannan ƙananan? Ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci," in ji yayana.

"Ai ba akuya za ta shuka ba, ni zan shuka," na ce masa.

Baba bai yarda ba, bai kuma hana ni ba. Ya zaɓi nasa, na zaɓi nawa. Nawa bai samu shiga zanen ba, a buhun gishiri na rataye shi. Da damina na shuka shi a wuri mafi muni a gonar, da gangan. Ban yi fargaba ba, wallahi, don na riga na tona na ga saiwarsu doguwa ce. Da kaka na sake zaɓen waɗanda suka fi tsayuwa. Damina ta bi damina, jar ƙasar nan da ake tsallakewa ta fara rufe mutum in ya shiga. Yayana ya daina zancen kasuwa, ya koma cewa ai shi dama ya sani.

Baba dai yana nan kan bakansa, har ranar da Inna ta tuƙa tuwo da dawata ba ta gaya masa ba. Ya ci, ya suɗe kwano, ya tambaya ko akwai saura.

"Ita ce," ya ce. "Ba ta sauya ba."

Kakar da ta biyo, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Ranar zaɓen iri ya sa na raka shi gona. Muka wuce makwancin shanu da manyan zangarniyoyinsa, ko kallonsu bai yi ba. A bakin jar ƙasar ya tsaya, ya zaro zanen daga aljihun rigarsa, ya haɗa da wuƙar ya miƙo mini.

"Karɓi, Uwata," ya ce. "Dama zanenki ne."