Karnen da ya riƙa zuwa asibiti a madadin Yaya Sani

Shekara takwas ke nan, in an gama girbin bana, da aka tsamo Yaya Sani daga hanyar ruwan lambunsa a Jiratawa. Ruwan bai kai gwiwa ba. Da rana tsaka ne, yana ban ruwan zogale, jijjiga ta kama shi, ya faɗi rub da ciki, kuma babu kowa kusa. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa, kuma duk shekarun nan ina jin mutane na cewa ƙwaya ta kashe shi. Ban taɓa musawa ba, don gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne wanda ya fara miƙa masa ita.

Yaya ko taba ba ya sha. Aibinsa guda, taurin kai. Shi ya sa ya ɗaga injin ban ruwa shi kaɗai, bayansa ya amsa, ya kwana uku ba ya iya ruku'u. Akwai asibiti kusa da shi, amma ya tsallake ya zo Maraɗi, don amininsa Laminu shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin asibiti cikin Sabon Gari. Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri, garinmu na haihuwa, kuma Laminu ya ci tuwon Innarmu har ba a ƙirga shi cikin baƙi. Ni na raka Yaya ranar, tunda a unguwar Zariya ta nan Maraɗi nake aure. Majo ya latsa bayan, ya rubuta tramol na kwana goma a cikin karne, ɗan littafin nan da ake ba kowane majinyaci, ya ce a huta. Yaya ya yi dariya ya ce zogale ba ya jiran mai ciwo.

Kashegari yana lambu. Ya aiko mini cewa Laminu na da hannu. Haka muke auna likita a nan: wanda maganinsa ya tashe ka yau shi ne gwani, wanda ya ba ka farasitamol ya ce ka kwanta kuwa sai mu ce bai iya aiki ba.

Da maganin ya ƙare, aka yi abin da kowa ke yi. Don me mutum zai bar lambu ya taho birni alhali yana da ƴar'uwa a can? Sai ya ba masu kawo kayan lambu karnensa su kawo mini. In je, Majo ya hango ni ya tsallakar da ni layi, ya tambayi jikin mutuminsa, in ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa ko mutum na kan gargara. Ya kwafi layin sama zuwa na ƙasa, ya buga hatimi, in wuce farmasi. Ina fita ina jin kaina, ni mai hanya a asibiti. Da Yaya ya aiko cewa ƙwaya ɗaya ta daina riƙe shi, Majo ya mai da ita biyu. Wata goma sha huɗu aka yi haka, kuma bai ƙara ɗora ido a kan bayan nan ba. An ce zumunci a ƙafa yake. Jiratawa ba ta da nisa, Majo kuma yana da babur.

Rabi, matar Yaya, ita ta fara gani. Ta ce mini ya rame, ya zama mai faɗa, kuma in karne ya yi jinkirin dawowa sai ya kama zufa da hamma kamar mai masassara. Na kai maganar.

"Majo, Rabi ta ce in maganin ga ya ƙare, Yaya ko tashi ba ya iyawa."

"Ciwon ne ke tasowa, Hadiza. Kak ki damu, na san jikin Sani kamar nawa."

Ya ja alƙalami ya sake rubutawa. Na yarda, don wa zan yarda da shi in ban yarda da mai farar riga da ya ci tuwon gidanmu ba?

Sai zancen tramol ya yi zafi a gari, aka fara bin diddigin masu rubuta shi. Ranar da na je kamar kullum, Majo bai ko buɗe karnen ba. Ya turo mini shi da yatsa ya ce an hana. Bai ce a kawo Yaya ba, bai ce a rage a hankali ba, bai tura mu wajen wani ba. Daga baya na ji daga bakin masana cewa wanda jikinsa ya saba da irin wannan magani ba a yanke masa rana ɗaya. Majo ya san haka, aikinsa ne ya sani. Shi dai ya wanke hannunsa. Yaya ya koma wajen masu tallan magani a kan tebur, inda babu mai tambayar ƙarfin ƙwaya balle yawanta. Wata uku ya ƙara a duniya.

Ranar addu'ar uku Majo ya zo da babbar riga, ya zauna cikin maza. Maigidana ya ji shi da kunnensa yana cewa, "Na yi ta ja mishi kunne, bai ji ba." Da zai tafi ya sa aka kira ni zaure, ya yi mini gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, sannan ya ce, "Karnen nan hwa, ki ba ni in aje cikin takardunmu." Na ce ban san inda yake ba. Ƙarya na yi. Yana ƙasan kwallata, ƙarƙashin zannuwa. A wannan zauren na gane cewa ba ta'aziyya ce ta kawo shi ba.

Yanzu Majo ya yi ritaya. Akan gayyace shi taro ya yi wa matasa huɗuba a kan shaye-shaye, ya zargi iyaye, ya zargi masu shigo da kaya ta kan iyaka. Ba ƙarya yake ba, tebura suna nan, kuma suna cin ƴaƴan mutane. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yayana bai fara daga tebur ba. Ya fara ne daga benci mai tsabta, a hannun amini, da hatimi. Ina tunanin da Yaya zai ji wannan huɗubar, sunkuyar da kai zai yi, don shi mai jin kunyar abokinsa ne ko abokin bai ji tasa ba.

Bara gwiwar Inna ta matsa mata. Hali zanen dutse, sai na ɗauki karnenta na tafi asibiti a Tsibiri, na bar ta gida. Na tarar da wata yarinya ma'aikaciyar jinya, da ƙyar in ta kai sa'ar ɗiyata ta fari. Ta ce, "Hajiya, ba ni rubuta magani ga wanda ban gani ba. Ki kawo Inna." Na yi fushi, har na ce yaran yanzu ba su san girman mutane ba. Na dai kawo ta. Yarinyar ta duba gwiwar, ta auna jini, ta tambayi abin da Inna ke sha, ta ba da magani mara ƙarfi na ƴan kwanaki, ta nuna mata yadda za ta riƙa motsa ƙafar, ta sa ranar dawowa. A cikin adaidaita muna komawa hawaye suka zo mini, Inna na tambaya ko an ce ciwon babba ne. Da Yaya ne ya faɗa hannun yarinyar nan, da ya yi wata guda yana kiranta mai rowar magani. Amma da yana nan yana faɗa.

Mene ne ya rage na Yaya Sani? Zogalensa na nan, Rabi ke yanka tana aikowa kasuwa. Dariyarsa na bakin ɗiyarsa Zainabu, wadda ya bari tana shekara tara, yanzu tana lise, babbar sakandare. Sunansa ne bai tsira ba, kuma saboda shi na yi wannan rubutu. Watan jiya Zainabu ta zo mini ido jajir, wata ta kira ta ɗiyar ɗan ƙwaya a gaban ƙawaye.

"Gwaggo, ki hwaɗa mini gaskiya. Haka Baba yake?"

Na buɗe kwalla na miƙa mata karnen. Na yi zaton wanke babanta kawai zai yi. Ta bi shi shafi-shafi: sunan magani ɗaya, hannu ɗaya, hatimi ɗaya. Ta lura da abin da ni ban taɓa lura ba, cewa gurbin awon jini da na nauyi a cike suke a shafin farko kaɗai, sauran duk fari fat. Ta ce ashe ba shan banza ya fara ba, rubuta mishi aka yi. Na ce haka ne. Ta ce ashe kuma ba a ganinshi. Na ce haka ne. Sai ta ɗago.

"To in bai je ba, Gwaggo, wa ke kai karnen?"

Na ce ni ce.

Sai ta sa karnen cikin jakar makarantarta ta tafi da shi. Har yau tana zuwa, tana durƙusawa ta gaishe ni yadda ta saba. Amma ba ta ƙara tambayata komai game da babanta ba.