Kawu Lawal da ɗigoginsa masu kama wuta

Duk wanda ya san Kawu Lawal ya san buhun takin nan da ba ya rabuwa da shi. Baƙo sai ya ɗauka masara ce, alhali tsohuwar kwamfuta ce da wani ɗalibinsa ya ba shi lokacin da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya a Batsari. Na taɓa cewa, "Kawu, ka sayi jaka mana."

Ya ce, "Ke Saratu, kin taɓa jin an tare hanya an ƙwace buhun taki wanda ya sha rana?"

Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na sha kallon abin da ke cikinta. Ɗigogi ne birjik, da siraran zare tsakaninsu. In ɗaya ya kama wuta, sai ya tura wa waɗanda ke haɗe da shi. Ya ce kwaikwayon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ba ɗigon ba ne, haɗin ne." Ko miya ce ta yi gishiri, haɗin ne!

Wai har sunaye ya raɗa musu. Akwai wani ɗigo a tsakiya da zare ya yi masa yawa, shi ne Gwaggo Asabe, yayarsu shi da babanmu, wadda ba a haihuwa ko saki daga Zakka har Karare ba ta fara ji ba. Labari ya kai mata, ta zo da mayafi a kafaɗa.

"Lawal, ni ka saka a cikin injin?"

"Yi haƙuri, Yaya, bari in cire ki."

Ya tsinke zarurrukanta. Wutar ta ɗan yi ƙyal-ƙyal a gefe, ta mutu. Gwaggo ta leƙa, ta leƙa, ta ce, "To, mayar da ni, mara kunya."

Ranar da 'yata Hauwa ta fara faɗuwa, tana shekara huɗu, dariya ta ƙare a gidanmu na Karare. Aka ce farfaɗiya ce, kuma wai yawunta na yaɗa ciwon. Aka ware mata kwano, wani ja mai tsaga a baki. Matan gida suka janye 'ya'yansu. Ita kaɗai take cin tuwo a bakin ƙofata, tana kallon sauran. Ni ko ƙarar faɗuwar ludayi na ji, sai in ruga in duba ta.

Kawu ya zo a kan kekensa. Kun san shi, ba ya cin abincin gidan kowa, wai kada ya saba. Ko gaisuwa bai gama ba ya zauna a ƙasa, ya sa hannu a jan kwanon.

Surukata ta ce, "Malam, kwanonta ne fa!"

Ya ce, "Na gani, Hajiya. Hauwa, matsa mini, kin cinye wajen man."

Da ya gama ya buɗe buhu. Ya haɗa kowane ɗigo da kowane, ya taɓa ɗaya. Gaba ɗaya suka kama wuta lokaci guda, suka mutu, suka sake kamawa. Sai da na kau da kai, don jikin 'yata na gani.

Ya ce, "Duba da kyau. Akwai ɗigon da ya lalace? Babu. Tare suka tashi kawai. Kuma wannan ba ya bin yawu."

Na ce, "To Kawu, ka tsinke mata zaren mana."

Ya rufe kwamfutar. Sannan ya ce, "Nawa kwaikwayo ne, 'yar nan. Nata sai likita. Gobe Katsina za mu."

Muka tafi a bas, buhun a cinyarsa, Hauwa a kan buhun. Maganin da aka ba ta ya rage faɗuwar, bai raba ta da ita ba. Duk ranar kasuwar Batsari kuwa sai Kawu ya biyo ta gidanmu ya ci a jan kwano. Shi kaɗai.

Zazzaɓin kwana biyu ya tafi da shi a damina. Kwamfutar ta ƙi buɗuwa, ba wanda ya san lambobin sirrinta. Ina zaune a wurin zaman makoki, Allah Ya gafarta mini, ba mutuwarsa kaɗai nake wa kuka ba. Tunanina wa zai ƙara ci da 'yata.

Aka kawo abincin sadaka. Na fito da jan kwano daga jaka, na ja Hauwa gefe. Sai ga Gwaggo Asabe ta ratso tsakiyar mata, ta zauna daɓas, ta wanke hannu, ta sa a jan kwanon.

"Ke Hauwa, matsa mini. Ku kuma me kuke kallo? Ku je ku faɗa, ku ce ni ce!"

Kafin mu koma Karare labarin ya riga mu isa. Yanzu yara biyu na ci da Hauwa. Sauran suna nan suna kallo, ni ma har yau barcina rabi ne.

Allah Ka ji ƙan Kawu Lawal, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da mutanen kirki kamar yadda ya zauna da 'yata lokacin da kowa ya tashi. Ka ba Hauwa lafiya. Amin.