Kyamarar da Ta Iya Gaisuwa

Mun tashi daga Zariya ana sallame sallar asuba, ni da wani abokina mai ɗaukar hoton biki, da kyamara biyu. Ɗaya tsohuwata ce, baƙa ƙatuwa mai dogon baki, wadda ta yi shekara da shekaru tana cin kafaɗata. Ɗayar kuwa 'yar mitsitsiya ce da mai shago ya ba ni aro in gwada kafin in yanke shawarar saye. Tun a tasha abokina ya raɗa mata suna kayan wasan yara.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Sakkwato ba. Mahaifina ya daɗe a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, tafiya mai nisa ta gagare shi. Yayansa, Baffa, tsohon mahauci ne a Ƙofar Taramniya, shi ma ƙafa ta ƙi. Rabon da su ga juna har an daina lissafi. Baffa ba ya riƙe waya mai hoto, kuma duk hotonsa da aka taɓa kawo mana, ko dai ƙeya ce ko fuska a murtuke. Abu ɗaya Baba ya roƙe ni: in kawo masa fuskar ɗan'uwansa yadda ya san ta.

Kuɗin mota ya yi tashin da sai da na sake tambayar ɗan kamasho ko har da abincin rana a ciki. A Funtuwa muka karya da ƙosai mai zafi. Daga Tsafe zuwa Gusau hira ta mutu a motar, kowa ya koma salati, don kowa ya san halin da hanyar take ciki. Sai da muka wuce Talatar Mafara aka dawo gardamar siyasa. Duk tsawon hanyar nan babbar kyamara tana kan cinyata a jakarta kamar jaririn da aka ba ni riƙo, ƙaramar kuwa tana aljihun kaftanina, har mantawa nake da ita.

Ranar Sakkwato ba ta san baƙo ba. Muna sauka a Gidan Igwai na zaro waya in ɗauki masu tallar albasa, sai ta yi zafi ta ce in bar ta ta huce. Na bar ta. Abokina ya fito da babbar, nan take masu shaguna suka gyara tsayuwa, wani mai nama ya tambaye mu ko daga gidan talabijin muke. Ni kuwa na bi gefe da ƙaramar, na ɗauki mai fura tana dama, na nuna mata, ta yi dariya ta ƙara mini nono. Aibin ƙaramar guda biyu na gani a ranar: batirinta ba ya jimiri, kuma idonta ɗaya ne, ba ya jawo abu daga nesa. In kana son abu ya matso, kai za ka taka ka je.

Bayan la'asar keke napep ya sauke mu a ƙofar gidan Baffa. Muka same shi a zaure kan buzu. Da muka gama gaisawa na faɗa masa saƙon Baba ba tare da kwana-kwana ba.

"To, ku ɗauka in kuna iyawa," in ji shi.

Abokina ya miƙe tsaye, ya ɗora babbar a ido, ya saita Baffa. Nan da nan fuskar tsohon ta rufe.

"Kai, wane irin abu na wanga? Yaro shi tsaya bisa kaina, shi ƙura man ido awa wanda ka bin bashi? Aje wagga bindiga!"

Nan take na hango kaina ina komawa Zariya da wata ƙeyar. Amma a nan na gane abin da ya shige mana duhu tun tuni. Ba hoto Baffa yake ƙi ba. Tsayuwa a kan babba da zura masa ido, shi ne rashin kunyar da ba zai lamunta ba, kuma babbar kyamara ba ta aiki sai da haka.

Ƙaramar kuwa allon bayanta yana ɗagowa sama. Na tsuguna a gabansa yadda ake tsugunawa gaisuwa, na ɗora ta a gwiwa, na sunkuyar da kai ina kallon allon. Ba ta ƙara, ba ta walƙiya, kuma duhun zauren bai dame ta ba. Kaina a ƙasa na ce, "Baffa, Baba ya ce wai shi ya fi ka iya fiɗa."

"Wa? Shi? Wanda ad da tsoron ɗan akuya?"

Ya kece da dariya har hularsa ta karkace, giɓinsa ya bayyana. Na danna. Na danna kuma. Da na miƙa masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Wanga kam ni na. Kai mashi." Farin cikin da na ji a zauren nan ban san da me zan kwatanta shi ba. Abokina bai sake cewa kayan wasan yara ba, har a Ƙofar Atiku, inda muka tsaya sayen kilishi, shi ya roƙi aronta.

Washegari muka juyo. Masu tambayata wace kyamara za su saya don hoton yau da gobe, ga abin da tafiyar nan ta koya mini: ku nemi wadda ba za ku yi ƙyuyar ɗauka ba, wadda ba ta tsorata mutane, mai allon da ke ɗagowa, ku haɗa da batir na biyu. Ni dai na riƙe ƙaramar, babbar ta koma sai ranar biki.

Na wanke hoton a babbar takarda kafin in shiga gida. Baba ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya kai shi kusa da ido. Bakinsa da ya karkace ya fara rawa, na ɗauka kuka zai yi, ashe dariya ce.

"Ga giɓin nan," ya ce. "Ni nic cire mashi haƙorin ga da ƙwallon goruba."

Ya hana a rataye shi a bango. Yana nan kusa da matashinsa, inda hannunsa yake kaiwa.