Na goge Isufu, sunan Hajiya ya ɓace

Jama'a, yau Alhaji ya tambayi matarsa ko wace ce ita!

Ƙarfe tara daidai, a biro, wato ofishinmu, a unguwar Titirou, daga ni sai Alhaji. Kun san Isufu ya ajiye aiki jiya, ya koma Djougou bayan sun yi cacar baki da Alhaji. Alhaji ya ce, "Malam Sani, goge kont ɗinsa na imel na aiki. Ko inuwarsa ba na so!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da farko a kwashe abin da ke ciki, sannan a goge."

Ya ce, "Goge!"

Na goge.

Ashe Isufu ne ya saita wa Alhaji waya tun tana sabuwa, kuma da kont ɗinsa ya saita ta! Duk lambobin Alhaji a ciki suke. Nan take suka tafi, har na dillalan kasuwar Arzèkè.

Sai waya ta yi ƙara, lamba ba suna. Alhaji ya ɗauka da muryar manya: "Wa ke magana?"

Daga kujerata na ji Hajiya: "Wa ke magana? Ni kake tambaya, Alhaji? To, wadda ka sani ta dafa maka abincin rana!" Ƙit, ta kashe.

Na ce har yanzu ana iya maido da kont ɗin. Ya ce ai ya rantse, sunan Isufu ba zai dawo ba.

Saboda haka, abu biyu. Na ɗaya, duk mai kiran Alhaji ya faɗi sunansa kafin sallama. Na biyu, don Allah mai lambar Hajiya ya turo yanzu, Alhaji bai haddace ta ba, ga azahar ta kusa!