Kwalba Biyu a Bakin Taga

Mai kifin ado tana kallon dattijon da ke tsaye gaban kwalabenta, guntun zare maƙale a hularsa. Wataƙila tela ne. Idonsa yana bin wani jan kifi mai jela kamar mayafi cikin iska.

"Wannan namiji ne, Baba. Ga macen can, mai gajeriyar jela da farin ɗigo a ƙarƙashin ciki."

"Ina da namijin. Ita nake so."

"Kada fa ka haɗa su kwalba ɗaya, zai illata ta."

Yana murmushi, kwalbar rungume a ƙirjinsa. Ko wa ya tafi ya bar masa gida shiru?

"Gefensa zan ajiye ta, 'yata. Ya dai riƙa ganin wani."