Ranar da Inna Ta Shinshina Motar

Ko da tsufa zai kwashe min sauran ranakun duniya, akwai wata Asabar da ba za ta bi su ba. Ita ce ranar da na je sayen motata ta farko, na kusa sayo wa kaina wahala da kuɗina ina murmushi.

Lokacin ba a daɗe da fara ba mata lasin tuƙi a nan ƙasa mai tsarki ba, ni kuma ina cikin waɗanda suka yi rawar jiki suka karɓa. Ba don gayu ba ne. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, sau uku a mako sai an kai ta gashin ƙashi asibiti. Daga gidanmu a unguwar Kudai ba wata tafiya ba ce, amma da mai tasi ya hango keken marasa lafiya sai ya kau da kai ya ƙara wuta. Mun sha tsayuwa a rana har lokacinmu ya wuce. Wata rana Inna ta ce ita ta haƙura da gashin nan, alhali likita ya gaya min idan ta daina, ƙafar za ta sandare ke nan. Sai na tattara ɗan abin da na tara na shekaru, na ce jif zan saya, matsakaiciya, ta hannu, wadda bayanta zai ɗauki keke. Na kuma san harbi ɗaya gare ni, in na kuskure babu na biyu.

Ni mutum ce mai gaggawa, ga jin na iya. Cikin mako biyu na zama bakanike a waya. Na rubuta jerin abubuwan dubawa: taya, birki, giya, hayaƙi, fenti, har da waɗanda ban san inda suke a jikin mota ba. Sai ga wata farar jif a unguwar Aziziyya, shekararta uku, ba ta yi tafiya mai yawa ba, kuɗinta kuma da sauƙi har ya ba ni mamaki. Yayana ya bi mai motar suka kai ta fahas, wato wurin da ake duba mota da na'ura. Wurin da mai motar ya zaɓa suka je, kuma babu wanda abin ya dama a cikinmu. Takarda ta fito fes: inji lafiya, giya lafiya, ba ta taɓa haɗari ba.

Ranar da za mu je a gama magana, na shirya zan fita sai na tarar Inna ta sa an yafa mata mayafi tana zaune a kekenta.

"Inna, ki huta mana, akwai rana. Yanzu za mu dawo miki da ita."

"Motar wa za a saya?" ta tambaye ni.

"Taki ce."

"To, khalas, magana ta ƙare. Tura ni."

Na tura ta ina ƙunƙuni a ciki, don gani nake ɓata mana lokaci kawai za ta yi.

Motar tana ajiye a inuwar wani dogon bene tana walƙiya. Mai ita ya buɗe ƙofa, wani ƙamshin turaren wuta mai tsada ya bugo ni, ga na'urar sanyi ya riga ya kunna. Nan take na ji ta zama tawa. Na zaga ta sau ɗaya, na taɓa taya don dai a san na sani, na mai da wayata jaka ban ko kai rabin jerin nawa ba. Muka ɗaga Inna muka zaunar a kujerar gaba, tsayin ya yi mata daidai, keken ma ya shige baya ba gardama.

Sai ta ce, "Ku kashe mukayyif ɗin nan, ku rufe min ƙofa."

Muka dubi juna. Yayana ya kashe na'urar sanyin ya rufe. Muna tsaye muna kallonta ta gilashi, ta lumshe ido tana jan numfashi a hankali, gumi yana tsattsafo mata. Kunya ta kama ni a gaban mutumin, na fara ba shi haƙuri ina cewa tsufa ne. Har yau idan na tuna wannan kalmar da na faɗa sai raina ya sosu.

Can ta ƙwanƙwasa gilashi da hannunta mai lafiya. Na buɗe.

"Motar nan ta sha ruwa," ta ce.

Mutumin yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya yi dariya. "Ya hajja, wallahi nadifa ce, tsaf take."

"Inna, ga fa takardar fahas," na ce ina ɗaga murya.

"Takardar tana da hanci?"

Ta juya wajen yayana. "Kai, ɗaga shimfiɗar nan. Ba ta sama ba, soson da ke ƙarƙashi nake nufi."

Ya durƙusa ya ɓamɓaro gefen kafet ta bakin ƙofa. Soson ya yi dabbare-dabbare, ga busasshiyar laka ja tana zubowa gari-gari, kusoshin da suka riƙe kujera duk sun yi tsatsa. Sai a lokacin na tuna cikin jerin nawa akwai jan bel ɗin kujera har ƙarshe. Na ja shi. Can wajen ƙarshe ga zanen ruwa, ya nuna daidai inda ya tsaya a cikin motar.

Mutumin ya ce shi ma a haka ya saya, ambaliyar bara ce ta same ta, amma ai ta bushe, kuma tana tafiya. Yayana ya ce masa irin wannan wayoyinta a hankali suke ruɓewa, sai ranar da ta ga dama ta mutu. Ni kuwa abin da ya zo min shi ne mu tsaya cak a tsakiyar ramin dutsen da titi ya ratsa da tsakar rana, motoci suna ta oda, Inna tana ciki ba ta iya fita. Muka mai da Inna kekenta, muka bar masa motarsa.

A hanyar gida kuka na yi, rabi na baƙin cikin motar, rabi na kunya. Inna ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Shekara ashirin ina sharar gidajen alhazai a unguwar nan. Idan ruwa ya shiga benen ƙasa, maigida ba ya canza kafet. Ni ake ba garwashi da turare in yi ta turarawa kafin baƙi su sauka. Da hannuna na sha ɓoye warin nan, Allah ya yafe min. Shi ne yau zai ɓuya min?"

Bayan mako biyu muka sami wata a hannun wani dattijo, malamin makaranta da ya ajiye aiki. Ta girmi waccan, ta fi ta tafiya nesa ba kusa ba, ga ƙujewa a ƙofar baya da ya nuna mana tun ba mu tambaya ba. Takardun duk wani gyara da canjin mai suna cikin wata leda a jere. Wannan karon bakanikenmu muka kai wa, na bi jerin nawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ni da kaina na zaunar da Inna na rufe mata ƙofa. Da na buɗe ta ce, "Gahawa ta zube a nan, yara kuma sun ci abinci. Mota ce ta mutane. Saya."

Tun daga ranar ba mu sake rasa gashi ba. Wata na bakwai, muna fitowa daga gida na sunkuya zan ɗaga ta kamar kullum, ta ture hannuna, ta dafa sanda, ta taka taku huɗu da ƙafarta har bakin mota. Na tsaya riƙe da keke ina hawaye, ita kuma tana ce min in yi sauri za mu makara.

Abin da na koya a kan mota kaɗan ne: kada ka bari mai kaya ya zaɓa maka inda za a duba, kada kuma kyau ya hana ka durƙusawa. Babban darasin a kaina yake. Tun da ciwo ya kwantar da Inna na ɗauke mata komai, har da shawara, ina yanke mata hukunci ina kiran hakan kulawa. Na manta ƙafarta ce ta shanye, ba saninta ba.